Kwalbar da Kawu Bai Rufe Ba

Ranar sadakar ukun Kawu mata suka daina shiga gidanmu. A gabana aka yi, ba labari aka ba ni ba.

Da hantsi muna zaune a tsakar gida a Kusada, ana shigowa ana "ya haƙuri", muna amsawa, sai aka yi sallama daga zaure. Aka ce wasu baƙi maza suna neman izinin isowa ƙofar ɗakin marigayi. Mata suka ja mayafai suka matsa gefe. Na farkon dattijo ne mai furfura a gemu, an ce daga Rimaye ya taso. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sa hannu a aljihu, ya fito da 'yar kwalba irin ta ruwan allura, bakinta a toshe da narkakken kyandir, da ɗan ruwa a ciki. Ya ajiye ta a gindin bango, ya share ido, ya fita. Na biyu ya shigo ya yi haka. Na uku ɗan acaba ne da kowa ya sani a tasha, shi ma kwalba. Kafin azahar kwalabe sun yi layi, rana tana dukansu suna ƙyalli.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama ce ta fara magana. Ta ce, "Innalillahi! Wanga kuma mi ne ne?"

Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Dama ana faɗi."

Shi ke nan. Ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta, ɗaya ta tuna ɗanta ba shi da lafiya. Tabarmi suka zama wayam. Gumbar sadaka da muka kwana biyu muna shiri tana nan a ƙwarya, ba wanda ya sa mata hannu. Inna, matar Kawu, tana ɗakinta cikin takaba, ta ɗaga labule ta ga gidan ya watse, ta sake shi a hankali. Wallahi sakin labulen nan ya fi mutuwar ƙona mini rai.

Shi ya sa nake wannan rubutu. An ce Kawuna ya mutu da iskoki a cikin kwalba, kuma maganar ta bar matarsa ita kaɗai a lokacin da mace ta fi bukatar mutane. Ni na san abin da ke cikin kwalaben nan, don tawa tana cikin jakata har yau.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya koyar da kimistiri a makarantar sakandare a Kankia har ya yi ritaya, kullum yana zuwa daga Kusada a kan wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da wansa ba sa kiran sunana, sai dai "Uwata". Doguwar riga ɗaya yake so, aljihunta kullum da farin alli. Idan ya ci tuwo ba ya son a yi masa magana, idan ya gama kuma ba ya bari kowa ya yi magana. Yana da baki, Allah ya gafarta masa. Idan ɗalibi ya ba shi amsar banza sai ya ce, "Madalla. Ka kai wa jakin gidanku, zai yarda da kai."

Ni ma na sha wannan jakin. Ina aji huɗu aka kawo mu wurin lissafin mol, kaina ya ɗaure tamau. Na dawo gida ina kuka, na ce na bar kimiyya. Kawu bai lallashe ni ba. Ranar kasuwa ya ce in sa hijabi in biyo shi. Ya tsaya gaban mai ƙwai ya ce, "Dozin ɗin ƙwai nawa ne?" Na ce sha biyu. Ya ja ni gaban mai kabewa. "Dozin ɗin kabewa fa?" Na ce sha biyu. "Wanne za ki ɗauka a kai zuwa gida?" Na ce ƙwai mana. Ya ce, "To kin gama kimistiri. Adadi ɗaya, nauyi daban. Mol dozin ne, Uwata, sai dai dozin ɗin masu kimiyya shida ne da sifili ashirin da uku a bayansa, don abin da suke ƙirgawa ido ba ya ganinsa."

Daga nan ya kai ni rumfar masu hatsi, ya cusa hannu cikin gero. Ya ce, "Wa kika taɓa gani yana ƙirga gero? Abin da ba ya ƙirguwa, auna shi ake yi. Mol ɗaya na ruwa giram sha takwas ne. Na gishiri hamsin da takwas da rabi. In an ba ki nauyi ana neman mol, ki raba da nauyin mol ɗaya. In an ba ki mol ana neman nauyi, ki ninka. Ruwa giram talatin da shida?"

Na ce, "Mol biyu."

Ya ce, "To mi ne ne na kukan? Kin sa uwarki ta zaci wani ya mutu."

Yau ni ke koyar da wannan darasi ga 'yan mata a Kankia, kuma da ƙwai da kabewa nake farawa.

Al'adar kwalbar kuwa ga yadda take. A ɗakinsa yana da tsohon sikeli mai faranti biyu, da 'yan duwatsun awo na tagulla a cikin akwatin katako. Duk ɗalibin da zai gama makaranta, Kawu zai kira shi gida. A faranti ɗaya zai ɗora kwalba fanko da duwatsun giram sha takwas, a ɗayan kwalba irinta, ya riƙa ɗiga mata ruwan randa har allurar sikelin ta tsaya cak a tsakiya. Sannan ya yi wa ɗalibin tambaya ɗaya ta nauyi da mol. In ya amsa, shi ɗalibin ne zai narka kyandir ya toshe bakin kwalbar, ya danna da babban yatsansa. Kawu ba ya rufe wa kowa kwalbarsa. Yakan ce, "Ga mol ɗaya a hannunka, kurɓi guda ne. Ƙwayoyin da ke ciki, ko duk mutanen duniya sun zauna ƙirga su har su tsufa ba za su kai ko'ina ba. In girman kai ya taso maka, ka dube ta." Sai ya ƙara da dariya, "Aro ne fa. Ranar da ka ji na mutu ka maido mini."

Wasa yake yi. Su kuwa ba su ɗauke shi wasa ba.

Ɗan acaban nan daga baya ya tare ni a tasha ya ba ni labarin tasa. Ya ce shi ya kasa amsa tambayar, kunya ta sa ya gudu, bai ma ci jarrabawar ba. Shekaru suna tafiya, duk lokacin da Kawu zai je unguwa, babur ɗinsa kuma ya ƙi tashi, shi yake nema ya ɗauke shi. Suna tafiya zai leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Gishiri giram ɗari da sha bakwai, mol nawa?" Rannan a hanyar Bauranya, yana kauce wa rami, amsar ta faɗo masa, ya ce, "Biyu, Malam!" Kawu ya ce ya juya kan babur, suka koma gida a take, ya auna masa ruwansa. Mutumin yana ba ni labari yana goge hawaye da hular kwano a hannu. Ya ce, "Hajiya, duk garin nan shi kaɗai bai taɓa yarda ni daƙiƙi ba ne."

Amma ba zan ɓoye ba, Kawu shi ya ba masu magana abin faɗi. Bayan ritaya, da idonsa ya fara rauni, ya ci gaba da koyarwa ba ɗalibi ko ɗaya. Da tsakar rana, lokacin bazara, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi, sai ka ji muryarsa daga ɗaki: "Na baya, kuna jina?" Wata rana na kawo masa fura, na tsaya a ƙofa. Yana fuskantar benci wanda ba kowa a kai. Ya yi tambaya, ya karkata kai yana saurare, ya daɗe, sannan ya ce, "Daidai. Zauna." Na ajiye furar. Na ce, "Kawu, da wa kake magana?" Ya ce, "Da waɗanda suka riga ni. Sun fi ku natsuwa." Ban sani ba ko zolayata yake yi, don bai yi dariya ba.

Da ciwo ya kama shi ya fara ramewa, duk dawowa daga asibiti sai ya yi lissafin kansa. Ya ce mini, "Da ƙarfina kilo sittin nake. Kusan kashi uku cikin biyar na jikin mutum ruwa ne, kilo talatin da shida ke nan, mol dubu biyu. Yau sun ce arba'in da biyar. Yi lissafi." Bai jira ni ba. Ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari biyar. Ɗari biyar sun riga ni gaba, Uwata." Na ce, "Ina suka tafi?" Ya nuna sama da sandarsa. "Suna nan cikin iskar garin. Wataƙila damina ta sauke su a gonar wani." Inna ta leƙo ta ce, "Don Allah ka bar irin wagga magana, ana jinka ta katanga." Ai kuwa ana ji.

Saura rigimarsa da wansa, wanda muke kira Malam Babba. Shi ne mai makarantar zaure a unguwarmu, shi ke raba gado in an yi mutuwa, kuma in ya ce abu halal ne ko haram ne, magana ta ƙare. Tun ban yi wayo ba aka yi abin. A wurin wani suna, cikin mutane, Kawu ya ce zai iya faɗin adadin ƙwayoyin da ke cikin kurɓin ruwa. Malam Babba ya ce ya ji tsoron Allah, sanin adadin halitta na Mahalicci ne shi kaɗai. Maimakon Kawu ya yi bayani, sai bakin nan nasa ya riga shi. Ya ce, "Kai da kake auna wa mutane zakkar fidda kai da mudu, ka taɓa ƙirga ƙwayar? In ba ka gane abu ba, Yaya, ka ce ban gane ba." A gaban ɗaliban Malam. Wasu suka yi dariya.

Ba su yi gaba ba, don dukansu sun san hukuncin gaba. Suna gaisawa a masallaci, suna gaisawa ranar salla, gaisuwa irin ta baƙi biyu a mota. Amma mutanen da mahaifiyata ta ce da ƙoƙo ɗaya suke shan ruwa suna yara, ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. Da Kawu ya kwanta ciwon ajali, Malam Babba ya zo dubiya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'a mai tsawo. Kawu ya ce, "Yaya, shigo ka ga wani abu." Ya ce, "Wata rana." Shi ya yi masa salla, shi ya sa shi a kabari, amma ɗakin bai shiga ba.

To, da labarin kwalabe ya kai masa ranar uku, ya zo da la'asar fuska a ɗaure. Ya sa aka tura su cikin ɗakin Kawu da tsintsiya, ya ja ƙofa, ya sa kwaɗonsa. Ya ce ranar arba'in zai kwashe komai a zuba a tsohuwar rijiyar bayan gari. Bai ce tsafi ne ba, bai kuma ce ba tsafi ba ne. Wannan shirun nasa shi ya gama da Inna. Na bi gida-gida ina cewa ruwan randa ne, ruwa ne kawai, a zo a gani. Suka ce, "Ai ke ma ya ba ki taki."

Sai kuma sikelin ya fara motsi. Tagar ɗakin tana da tsaga, kuma masu tsoron shiga gida ba su ji tsoron leƙe ta waje ba. Ranar da aka kulle, sun ce farantan biyu daidai suke, da kwalba a kan kowanne. Bayan kwana kaɗan ɗaya ya ɗaga. Ƙofa a kulle, mabuɗi a aljihun Malam Babba, ga faranti yana hawa kullum kamar ana cire masa kaya. Ni ma na leƙa da tsakar rana. Na ga allurar ta kauce daga tsakiya, ɗakin shiru, bencin nan yana fuskantarta. Ina da digiri a wannan fanni, amma sai da na ja da baya ina karanta abin da ya zo bakina.

Duk ƙarshen mako nakan zo daga Kankia in ishe Inna ita kaɗai, ta dafa abinci ba mai ci, ta rame. Mai kawo mata itace ma a zaure yake jefarwa ya juya. Da na faɗa mata zancen sikeli, sai ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Kwalbar Malam Babba ce. Tun da Kawunki ya kwanta ya auna ta. Kullum da safe sai na riƙe shi ya je ya ɗiga mata ruwa har ta daidaita, ya ce kada Yaya ya zo ya ishe ta ba cika. Na ce ya rufe ta mana ya aika masa, ya ce shi ba ya rufe wa kowa."

Ashe ke nan. Kwalba a buɗe, ga zafin bazara, ruwa yana bin iska, mai ɗigawa kuma ya tafi. Na ce, "Inna, mi ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Ni in tari wan mijina ina cikin takaba in ce masa ƙanenka ya mutu yana jiranka? Da wane bakin?" Na je da kaina zauren Malam. Kafin in gama gaisuwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ranar arba'in, Uwata."

Ranar arba'in maza suka yi addu'a a waje, cikin gida kuwa daga ni sai mahaifiyata sai Inna. Matan unguwa suna nan, amma ta kan katanga da bakin zaure, sun zo kallon fitar da iskoki. Malam Babba ya shigo da buhu a hannu, ya buɗe kwaɗo. Ni kuma na riga shi, na tsaya a ƙofar.

Ya ce, "Matsa, Uwata."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yau sunan da kuka sa mini zan ci. Uwa ba ta matsa wa ɗanta. Ka zuba komai a rijiya in ka so, amma akwai guda ɗaya da ba ta marigayi ba ce, taka ce. Ba a zubar da kayan mutum bai gani ba, kai ka koya mana."

Ya dube ni, ya dubi sikelin ta saman kafaɗata. Na faɗa masa duka, da ƙarfi yadda na kan katanga za su ji: ruwan randa, giram sha takwas, tambaya, kyandir, da ɗigawar kowace safiya. Da na zo kan ɗigawar, buhun ya sulale daga hannunsa. Ya cire takalmi, ya shiga ɗakin da ya ƙi shiga, ya zauna a kan bencin.

Ya ce, "Nawa ya rage?"

Na buɗe akwatin duwatsu, ina cirewa ina sawa, har allura ta dawo tsakiya ta tsaya. Na ƙirga abin da ke kan farantin, na sake ƙirgawa. Giram tara. Ba takwas da wani abu ba, ba tara da ɗigo ba. Na san zafi ne ya ɗauke sauran, zan iya yi wa aji bayaninsa a kan allo. Abin da ba zan iya bayani ba shi ne yadda ya tsaya a nan daidai ranar da aka buɗe ƙofa.

Malam Babba ya ce, "Kin ce sai an amsa tambaya. Yi mini."

Na ce, "Mol ɗaya na ruwa giram sha takwas ne. Ga giram tara. Mol nawa ke nan?"

Mutumin da ya shekara arba'in yana raba gado, ko numfashi bai ja ba. Ya ce, "Rabi." Ya dubi kwalbar. Can ya ce, "Shi ke nan? Rabawa ce kawai?"

Na ce, "Ita ce kawai, Malam."

Ya ce, "La'ilaha illallahu. Duk shekarun nan." Ya ɗauki kwalbar yana juya ta a hannu. "Ɗaya rabin fa, ina ya tafi?"

Na buɗe baki zan ce iska, sai muryar Inna ta fito daga bayan labulenta, muryar da wan mijinta bai ji ba tun ranar rasuwa. Ta ce, "Ya sha nashi, Malam. Naka ne ya rage."

Na miƙa masa kyandir da ashana. Ya ture hannuna. Ya tashi ya fito tsakar gida, tsakiyar rana, inda duk mai leƙe zai gan shi, ya yi bisimilla ya kafa kwalbar a baki. Kurɓin bai kai ya jiƙa maƙogwaro ba. Ya tsaya da kwalbar fanko a hannu, sannan ya juya wajen katanga ya ce, "Ruwa ne. Ƙanena malami ne, kuma ni ne ban gane ba. Ku shigo ku yi wa matarsa gaisuwa."

Maƙwabciyar hannun dama ce ta fara shigowa, tana ta gyaran mayafi kamar yanzu ta ji labarin mutuwar. Na ba ta hanya, amma Allah ya ga zuciyata. Kafin la'asar ɗakin Inna ya cika, har ana neman tabarma.

Sauran kwalaben Malam Babba ya kwashe su a buhun da ya zo da shi, ya tafi maƙabarta shi da ɗan acaban nan. An ce ɗaya bayan ɗaya ya fasa kyandir ɗin ya yayyafa ruwan a kan kabarin. Tawa ce kawai ba ta je ba. Na ce masa ni ban shirya maido aron ba tukuna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya sa ranar da za a ɗora ayyuka a ma'auni nasa su rinjaya. Sikelin yana ɗakin har yanzu, Malam Babba ya hana a taɓa shi. Inna ta ce bayan azahar yakan shigo da sandarsa, ya zauna a kan bencin shi kaɗai, ya daɗe, kansa a karkace kamar mai saurare.